Saƙo ga Likitan Iyaye

Kwana uku ke nan Ɗan Gayu yana zaune a ɗakin karatu na asibiti, gaban wata kwamfuta mai maƙalewar maɓalli. Mutum mai shekara hamsin da huɗu, gogaggen marubucin talla, wanda ko a wajen aski ba ya jiran layi, ga shi sai ya nemi izini kafin ya buga takarda ɗaya. Wannan ai wulaƙanci ne. Kuma 'yarsa ce ta jawo masa.

Jikansa na fari, ɗan shekara uku, ya lashi man gyaɗa a gidan maƙwabta. Cikin minti goma leɓɓansa suka kumbura, numfashinsa ya koma kamar busar usur. An ceto shi, amma tun daga ranar uwarsa take yawo da allurar gaggawa a jaka. Yanzu ga ƙanwarsa, wata biyar da haihuwa, ta fara bin cokali da ido. A ba ta ƙwai da gyaɗa, ko a hana ta kamar yadda aka hana yayanta?

"Baba, kai ne ka san kan intanet," in ji 'yar. "Nemo mini bincike na gaskiya, ba irin na wancan ba."

Wancan shi ne Likitan Iyaye, wani shafi mai hoton dattijo da farar riga, wanda ya ce kada a kusanto da ƙwai ko gyaɗa bakin yaro sai ya cika shekara uku. Ta buga rubutun, ta manna a jikin firji, ta bi shi harafi da harafi. Ɗan Gayu bai taɓa ganin takardar ba sai bayan abin ya faru, domin ba ya shiga kicin. Warin albasa yana kashe turare.

Mai kula da ɗakin karatun, wata mace mai tabarau da ba ta san darajar manya ba, ita ta koya masa aikin. A duba wa ya yi binciken, a ina aka wallafa, yara nawa aka bi, wace shekara, su wa suka tantance. Ya rubuta duka a littafinsa, da rubutun hannu mai kyau da ba ta ko yaba ba.

Ya nuna mata shafin. Ta karanta layi huɗu ta ture.

"Babu madogara ko ɗaya. Tsohuwar shawara ce aka kwaso aka shafa mata hoda. Wannan mai farar rigar kuwa na san shi, shi ne a tallar man goge baki."

"Amma dai jimlolin sun tsaru," in ji shi.

"Yallaɓai, jimla ce za ta ciyar da jaririyar?"

Ya koma kan littafinsa. Mai ilimi ba ya musu da ma'aikaciya.

A rana ta huɗu ya kwashi takardunsa, shafi arba'in, ya raka 'yarsa wajen likitar yara. Likitar ta duba, ta gyaɗa kai. Ta ce manyan bincike na baya-bayan nan sun nuna jinkirtawa ba ya kare yaro, a wajen yara da yawa ma fara ba su da wuri ya fi. Amma tunda yayan yana da matsalar, a kawo jaririyar a duba ta tukuna, kada a gwada komai a gida.

'Yar ta matse jakarta a ƙirji.

"Likita, ni na jawo masa ke nan?"

"Ba zan iya rantsewa cewa hanin ne ya jawo ba. Ba kuma zan iya rantsewa cewa ba shi ba ne."

A kan bencin waje ta yi kuka ba sauti, jaririyar tana wasa da igiyar jakar allurar. Ɗan Gayu ya miƙa mata hankicinsa na siliki, wanda ko matarsa ba ta taɓa taɓawa ba.

"Allah ya saka maka da alheri, Baba. Da masu rubutu irinka ne, da ɗana yana cin abin da kowa ke ci." Ta share fuska, ta zaro waya. "Shi kuwa wancan Likitan Iyayen, yau sai ya ji daga bakina. Ya yi ta kwana da hoton leɓɓan yaron nan har ya mutu."

"Ki sassauta harshe, 'yata. Wataƙila shi ma yana da iyali."

"To su ma su gani."

Ta liƙa hoton, ta yi ta rubutu. Kafin ta danna turawa, Ɗan Gayu ya zura hannu a aljihu ya kashe ƙarar wayarsa, domin shekara shida ke nan duk saƙon da aka aika wa Likitan Iyaye a nan yake sauka.