Tsohuwar Lazare

A tashar Zongo maganar ta fara, wajen masu shayi: wai Alhaji Yakuba, parzidan na sandikar masu kamyo, wato shugaban ƙungiyar masu manyan motoci, ba a Nijar aka haife shi ba.

Da shekarar lafiya ce, da an yi dariya an wuce. To, shekarar fari ce, soja ba su daɗe da karɓar mulki ba, kuma duk hatsin agajin da za a kai arewa a motocin sandika yake tafiya. An kuma kafa doka cewa ɗan ƙasa kaɗai zai riƙe wannan kujera.

Yakuba ya shigo Yamai yana saurayi, ya fara da wankin mota, ya yi karen mota, ya zama direba. Kafin nan ba wanda ya san shi. Wasu suka ce a Jugu ta Dahome aka yanke masa cibiya, wasu suka ce har kaso, wato kurkuku, ya taɓa yi a can. Shi dai abu ɗaya yake faɗi: ƙauyensu yana bayan Dakoro, mahaifiyarsa tana can da ranta.

Aka tura jandarma ƙauyen. Suka tarar da rijiya ta ƙafe, bukkoki ba rufi, ƙasusuwan shanu a bakin hanya. Ba ko mutum ɗaya da za a tambaya.

Ana cikin haka aka gano hatsin ayari guda bai isa Agadas ba. Kowa a tasha ya san masu kaki ne suka sauke shi a hanya, kowa kuma ya san ba su za a kama ba. Wanda ya riƙe kujerar kafin Yakuba, a kan irin wannan magana aka tafi da shi wani kurkuku cikin sahara, daga baya aka aiko wa iyalinsa rigarsa da takalmansa.

Mutari, mataimakin Yakuba, ya daɗe yana hangen kujerar. Bai tsaya jiran binciken hatsi ba, ya shiga neman mai shaida a kan haihuwar. Ya bi unguwar Talaje gida gida, ya bi masunta a Gaweye, bai samu ba. A Lazare, inda dubban waɗanda yunwa ta koro suka kafa rumfunan buhu, wata tsohuwa ta aiko a kira shi.

Ramatu sunanta. Ƙafafunta sun kumbura sun tsattsage saboda tafiyar ƙasa. Ta ce ta ji abin da yake nema, ta kuma ji zancen hatsin. Tambaya ɗaya ta yi masa: in an tabbatar mutum baƙo ne, me ake yi masa?

Mutari ya ce za a kwace abin da ya mallaka, a kai shi gadar Gaya ta kan iyaka a sake shi. Soja ba sa son rigima da maƙwabta a wannan lokaci, don ta tashar jirgin ruwansu hatsi ke shigowa.

Tsohuwar ta ce ya zo da mota.

Ranar zaman shari'ar, biro, wato ofishin kaftin ɗin soja mai binciken, ya cika da direbobi. Da aka shigo da ita, Yakuba ya miƙe zumbur har kujerarsa ta faɗi. Wani soja ya danne masa kafaɗa. Mutane suka ce tsoro ne ya kama shi.

Ramatu ba ta dubi inda yake ba. Ta ce a Jugu ta yi ƙuruciya tana sayar da fura, kuma tana cikin ɗakin ranar da aka haifi wannan mutum. Iyayensa mutanen can ne, sun daɗe da rasuwa. Kaftin ya tambaye ta da me za a gane ba ƙarya take ba. Ta ce a duba ƙasan haƙarƙarinsa na hagu, akwai tabon wuta, murhu ya faɗa yana rarrafe.

Aka ɗaga rigar. Tabon yana nan.

Kaftin ya juya ga Yakuba. "Kana da abin cewa? Ka san matar nan?"

Yakuba ya buɗe baki. A lokacin ne kaɗai tsohuwar ta ɗago ta dube shi, ta girgiza kai kaɗan, kamar mai korar ƙuda. Ya sunkuyar da kai, ya ce ba shi da ta cewa.

Aka kwace motocinsa da gidansa na Talaje. Da hantsi aka ɗora shi da matarsa da 'ya'yansa a bayan kamyon soja, yaran tasha suna bin su da jifa suna kiransa ɓarawo baƙo. Aka rufe zancen hatsi, tunda an sami wanda za a ɗora wa. Kaftin ya gargaɗi Yakuba cewa ranar da ya sake taka ƙasar nan, harsashi ne.

Mutari ya hau kujera. Da abubuwa suka lafa ya tuna da tsohuwar, ya sa aka ɗaura buhun gero a mota ya nufi Lazare. Rumfarta ba kowa. Ya yi ta tambayar Ramatu mai furar Jugu, ba wanda ya gane. Sai wani dattijo mutumin Dakoro da ke zaune a inuwar buhu ya ce ya kwatanta masa ita. Mutari ya kwatanta.

Dattijon ya ce shekaranjiya suka binne ta, tun da ta dawo daga gari ta daina cin abinci.

"Amma wace Jugu, Alhaji? Matar da ba ta taɓa barin ƙauyenmu ba sai bana, da ta taso da ƙafa za ta wurin ɗanta. Mu uwar Yakuba muke ce mata."