Saƙon da Ya Fara da "Af"

Yaya Nafi'u, don Allah ɗaga hannunka daga madannin kwamfutar nan tukuna. Na ga kana shirin dunƙule kwamit-kwamit ɗin aikinmu, wato canje-canjen da muka riƙa adanawa ɗaya bayan ɗaya, su koma guda, wai don tarihin aikin ya yi tsaf. Ka san kowane kwamit da ɗan saƙonsa mai bayanin abin da aka canza. In an zo dunƙulewa, manhajar ba ta zaɓar maka komai. Jero saƙonnin take yi, na farko a sama, sauran a ƙarƙashinsa bi da bi, ta buɗe maka ka gyara. Layin sama shi ne taken saƙon, abin da ka goge kuwa wanda zai gaji aikin ba zai same shi ba. Ga shi ka bi duk masu cewa "ƙaramin gyara" kana shafewa ba ka buɗe ko ɗaya ba. Tsaya ka ji misali.

Wani manomi ne ya karye a ƙafa gab da kaka, aka kai shi gidan mai ɗori a wani gari mai nisa. Gero ya nuna, tsohon rumbunsa kuma ya zube tun damina. A unguwar mai ɗorin akwai wani matafiyi da zai bi ta ƙauyen manomin, kullum yakan leƙo ya yi masa sannu, kullum kuma manomi sai ya ɗora masa saƙo zuwa ga magini. Na farko, a gina sabon rumbu a gindin tsamiyar bayan gida. Washegari, af, a ƙuntata bakinsa. Wata rana, af, a gaida masa tsohuwa. Wata rana kuma yana cije leɓe saboda zogi ya ce, af, ya tuna gindin tsamiyar nan akwai gara a ƙasa, a matsa da ginin can kan fako. Sannan, af, a yi jinka mai kauri. Da matafiyi ya kama hanya yana bitar saƙonnin a ransa, sai ya ji sun yi masa tarkace, ya ji kunyar ya tsaya gaban magini yana af, af, kamar mai shirme. Ya ce ai na farko shi ne maganar, duk abin da ya fara da "af" ƙari ne. Ya dunƙule su cikin jimla ɗaya mai daɗin ji: a gina rumbu mai kyau a gindin tsamiya. Magini ya yaba da saƙo marar kwana-kwana, ya gina, aka bari ya bushe, iyali suka zuba damman gero har wuya.

Bayan watanni manomi ya dawo yana dogara sanda. Tun daga bakin gari ya hango jinkar rumbu a inuwar tsamiya. Ko gida bai shiga ba, ya ja ƙafa har wurin, ya durƙusa da ƙyar. Ga siririyar hanyar gara ta jar ƙasa ta taso daga ƙarƙashi, ta bi dutsen gindin rumbun, ta shige bango. Ya kara kunne. Ciki ana wani ƙas-ƙas-ƙas a hankali, babu tsayawa. Abincin shekarar gidan kaf yana bayan bangon nan, bai san ko rabi ya rage ba, ga yara sun kewaye shi suna murnar dawowarsa, shi kuwa ya kasa ce wa kowa ya hau ya buɗe. Matafiyi ya daɗe da yin gaba, har yau yana ganin ya isar da saƙo yadda ya kamata.

Ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce, garin neman gira a rasa ido.