Lefe a Kan Dutsen Eggon

Babandi, malamin gona daga Bukan Sidi, ya iso kan dutsen Eggon yana haki kamar tsohuwar mota Bijo. Duk Asabar yake rako Sailuba, nas mai zagaya ƙauyukan dutse, wai shi yawon buɗe ido ya kawo shi.

"Sista," ya ce, "zan turo baffana gidanku."

Ta murza bakin gyalenta.

"Malam, an maido ni aiki nan sama. Shekara uku. Mota ba ta zuwa."

Ya leƙa siririyar hanyar da suka hawo, ya shafa gwiwoyinsa.

"Na ji. Lefen fa, wa zai hawo da shi?"

Ta kau da kai tana murmushi.

"Mai so. Amma ka rage akwatunan, kada in yi takaba kafin biki."