Ginshiƙin da Ya Tare Kallo

Mai Kujeru yana kwance rub da ciki a ƙarƙashin wani teburin cin abinci da ya daɗe a shagonsa ba mai saye. Teburin da kowa ya raina shi ne yau ya tare masa rufin kankare. Ƙafarsa ta hagu a danne take, ko jin ta ba ya yi. Da tsakar rana ƙasa ta yi girgiza, kafin ya kai bakin ƙofa benen da ke sama ya zauna a kan shagon.

Ba ƙafar ce damuwarsa ba. Gidansa a saman shagon yake, can ya bar Inna, mahaifiyarsa, wadda ciwon gwiwa ya hana saukowa tun bara. Matarsa ta tafi ɗauko yara daga makaranta, Inna kaɗai ce a sama.

"Inna!" ya kira, ƙura ta cika masa baki.

Can sai ya ji muryarta ƙasa-ƙasa, ta bayan tarin bulo. "Ɗan nan, kai ne? Kana lafiya?"

"Lafiya lau, Inna. Ki yi haƙuri, yanzu za a zo."

"To. Abu ne dai ya ɗan kwanta mini a ƙirji."

Ya yunƙura, teburin ya yi ƙara, yashi ya zubo masa a ƙeya. Dole ya koma ya lafe. Ta wata 'yar kafa haske ya shigo, ya sauka a kan guntun bango dab da fuskarsa. Farin fenti ya ɓare, jan zane ya leƙo daga ƙarƙashi. Ya san zanen nan sarai, da hannunsa ya shafe shi.

Asalin shagon da ginshiƙi a tsakiyarsa. Mai Kujeru kuwa mutum ne mai son a gani a yaba, ginshiƙin nan ya tsaya masa a rai. Cewa yake yana tare wa masu wucewa kallon manyan kujerun kushin. Ya samo wani magini wanda ba ya musu da mai biyansa, aka sa guduma aka fasa, aka yanke rodin. Bangon gaba ma aka rushe shi aka kafa gilashi. Shago ya yi fili, ciniki ya buɗe, Mai Kujeru har da sabon takalmi.

Bayan nan ne masu binciken girgizar ƙasa suka zo daga jami'a, suna bi gida-gida suna gwada ƙarfin gine-gine. Shugabarsu, wata injiniya, ta tsaya tana duban tabon da ginshiƙin ya bari a rufi.

"Malam, ina abin da ke nan?"

"Na sallame shi, ba ya biyan haya," ya ce yana dariya. "Ga gini nan tsaye ƙyam."

Ita ba ta yi dariya ba. "Yana tsaye ne don ba a taɓa shi ba. Girgiza gefe da gefe take kaɗa gini. Nauyi yana sama, ƙasa ba abin da ke riƙe da shi sai gilashi. A mayar da ginshiƙin, a ɗaure sauran da ƙarfe. Kafin nan, don Allah a sauko da mutanen gidan."

Suka yi jan zane a bango, alamar gini mai haɗari. Maƙwabcinsa tela, wanda benensa iri ɗaya ne da nasa, ya rufe shago aka yi masa gyaran. Mai Kujeru ya riƙa tsokanarsa wai ya ɗinka wa ginshiƙi riga. Shi kuwa ya ga jan zanen zai kore masa masu saye, sai ya sayo gwangwanin fenti. Da Inna ta tambayi abin da baƙin suka ce, ya amsa mata, "Ba komai, 'yan boko ne da tsoronsu."

"Inna, kina ji na?" ya sake kira daga ƙarƙashin teburin.

"Ina ji. Yaran ba su dawo ba ko?"

"Ba su dawo ba."

"Madalla." Sannan ta ce, "Ƙishi nake ji, ɗan nan."

Tsakaninsu bai fi ya miƙa hannu sau biyu ba, amma ko juya kai ba ya iyawa. Bai taɓa jin baƙin ciki da tsanar kansa irin na wannan lokaci ba. Ya yi ta yi mata magana, tana amsawa da "uhm". Daga baya ya yi ta magana shi kaɗai.

Rana ta yi sanyi kafin masu ceto su janye shi. Da suka ɗora shi a kan makara ta ɗaukar majinyata, ya ga matarsa rungume da yara tana kuka. Ya ga benen tela a tsaye, bango ya tsage amma bai faɗi ba, telan da iyalinsa duk suna cikin masu kwashe ɓaraguzai. Sai ga mutane sun fito da Inna lulluɓe da labulen ɗakinta.

Jama'a, ba a hana ƙasa girgiza, amma ana iya hana gini ya zama kabari. Kada a cire ginshiƙi ko bango sai da shawarar injiniya, kuma in masana sun ce a gyara, a gyara tun mutanen gida suna raye.