Bututun Kansila

"Mama, me ya sa kansila yake rawa a ƙofarmu?"

Ta leƙa. Shi ne kuwa, mutumin da ya sa duk unguwa ta cike ramin sokawe na bayan gida da ƙasa, wai bututun hukuma ya iso. Da ta ƙi cike nata saboda yaranta, a gaban jama'a ya kira ta baƙauyiya.

Bututun kam ya yi kyau. Ba a dai haɗa shi da komai ba.

"Ƙanwata, taimaka," ya ce, yana matse ƙafafu, buta a hannu.

"Ranka ya daɗe, bi layi. Injiniyan da ya shimfiɗa bututun na ciki."

Kai mai karatu, kada ka cike raminka sai ka ga ƙarshen bututun da idonka.