Taɓon Takalmin Merv

Merv Hadley manomin fiya ne a gindin tsaunukan kudu maso yammacin Ostireliya. Gonar nan ita ce cinsa, ita ce shansa, kuma ita yake shirin bar wa 'yarsa. Mutumin kirki ne, sai dai kunnen ƙashi.

Wata Lahadi bayan an tafka ruwa, ya ɗauki matarsa Noelene suka hau gandun dajin kan tsauni kallon dabbobi. A bakin ƙofa an ajiye buroshi da maganin feshi, kowa ya goge takalminsa in zai shiga, ya sake gogewa in zai fita. Ma'aikaciyar gandun, Kaylene, ta ce masa akwai cuta a ƙasar wurin mai ruɓar da saiwar itace, kuma a taɓo take yawo. Cutar ta riga ta kashe itatuwan da tsuntsaye ke shan furensu, shi ya sa aka ɗaure hanyar yamma da igiya.

"Yarinya, tun ba a haife ki ba nake hawa dutsen nan," in ji Merv. "Ƙasa za ki koya wa manomi?"

"Kawu, minti ɗaya ne fa."

Ya yi gugar ganin ido ya wuce.

Can sama wata kangaru mai ɗa a jakar cikinta ta tsallake igiyar. Gogan naku ya bi ta da waya a hannu, ya nutse cikin taɓo har idon sawu. Noelene ta yi kira har ta gaji. Da za su fita, ya ga Kaylene ta juya baya, sai ya sulale bai goge takalman ba. Da yamma ya zaga gonarsa kamar kullum, da takalman nan a ƙafarsa.

Shekara na zagayowa ganyen fiya ya fara yin rawaya. Ya ƙara taki, ya ƙara ban ruwa, ashe ruwan ne ke kai cutar layi-layi. Malamin gona ya auna ƙasar, ya ce cutar saiwa ce, kuma in ta shiga ba ta fita. Ya tambaya ko wani ya shigo da taɓon daji. Noelene ta dubi mijinta, shi kuwa ya dubi ƙasa.

Ranar da aka tumɓuke itatuwan, 'yarsa ta haɗa kayanta ta tafi birni neman aiki. Merv ya yi kuka, kuma ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

Jama'a, dokar gandun daji ba don dabbobi kaɗai aka kafa ta ba. Wanda ya raina ta, da ƙafarsa zai kai ɓarnar gidansa.