Allurar da Ta Tsaya a Wuyan Riga

Ajiye kwalbar nan tukuna, ɗan'uwa, in ba ka misali kafin ka buɗe ta.

An yi wani mai ɗinkin hannu, irin waɗanda ke zama a zaure su shimfiɗa babbar riga a cinya, su fitar da aska takwas kamar da alƙalami aka zana. Ido shi ne jarinsa. Da shekaru suka fara ja, sai idonsa na hagu ya ɗan yi hazo, in la'asar ta yi zare yakan kuskure kafar allura kafin ya shiga. Iyakar damuwar ke nan, na dama garau yake. Tabarau ma da ya wadatar, amma gogan naka yana jin kunya a ce gwani ya tsufa. Yana kuma da tsohuwar lalura: jini ya taɓa daskare masa a ƙafa, asibiti suka ɗora shi a kan ƙwayar da ke tsinka jini. Ana nan sai wani amininsa ya dawo daga tafiya da tsarabar kwalba cike da ƙwayoyin bilberi, wani ɗan itace na ƙasashen sanyi mai kama da ƙananan ɗinya, ya ce an ce yana wanke ido. Mai ɗinki ya juya kwalbar ya yi murmushi, a ransa ya ce, wa ɗinya ta taɓa kashewa? Ya fara da ɗaya, ya koma bibbiyu, daga baya sai watsawa yake yi a baki kamar gyaɗa. Da ya koma asibiti likita ta tambaye shi ko yana shan wani abu ban da nata maganin, ya ce a'a. Bai ma ɗauka ƙarya ya yi ba, don a wurinsa ɗan itace abinci ne.

Jiki kuwa bai ɓoye masa komai ba. Asuwaki ya riƙa fitowa jawur. Sukar allura, wadda a da tsotsa ɗaya ke kashe ta, yanzu sai ta yi ta tsattsafo da jini har ta ɓata farar shadda. Ga haɓo ba dalili. Ya ce ai zafi ne da mataccen jini, ya aika aka kira wanzaminsa ya yi masa ƙaho. Wanzami ya tsaga, ya kafa, ya cire, jini ya ce bai san tsayawa ba. Tsumma ya jiƙe, aka kawo wani ya jiƙe. Da ƙyar aka samu ya lafa, wanzami na haɗa kayansa ya ce, "Malam, wannan jinin ba na lafiya ba ne. Ka je asibiti yau." Shi kuwa ya ce to, bari dai ya ƙarasa wuyan rigar da ke hannunsa.

Bai ƙarasa ba. Wata rana da hantsi, gari fes, ya sunkuya a kan aikinsa, sai ya ga wani jan abu yana malala cikin ganinsa, kamar an ɗiga zoɓo a ruwa. Ya murza ido, ya duba hannu, babu komai. Kafin azahar idon dama, lafiyayyen, ya rufe ruf. A asibiti aka ce jini ne ya zuba a cikinsa. Da matarsa ta fito da kwalbar daga jaka, likita ta duba kwalbar, sannan ta ce masa a hankali, "Baba, ai da ka nuna mini. Yawan wannan a kan tawa ƙwayar yana iya ƙara tsinka jini." An yi iya ƙoƙari, rai ya tsira, idon bai dawo ba.

Abin tausayi, har yau yana zama a zauren, da ido ɗaya, mai hazon. Rigar tana rataye a ƙusa da allurarta soke a wuya, har allurar ta yi tsatsa. Wani lokaci yakan miƙa hannu ya shafa ɗinkin, yatsunsa su bi zare har inda ya tsaya.

To, ɗauki kwalbarka ka kai wa likitanka ya gani tukuna. Ba a banza Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido ba.